Marigayi Abu Turki da Ɗakinsa Mai Tayoyi

Idan ana ƙirga mutanen da Allah ya yi wa unguwar Ka'akiyya ta Makka baiwa da su, da Talal ɗan Abubakar ake farawa, a rufe da shi, in an sami gurbi a tsakiya a sake saka shi. Abu Turki ake kiransa, don babban ɗansa Turki. Amma a lungun Malam Ubaidullah yana da wasu sunayen da ba a faɗa sai ya ba da baya: Garkuwar Sharaɗi, Janar na Barha, Umdan Gobe, wato mai unguwa mai jiran gado. Na ƙarshen nan ya taɓa tsinkayowa ta taga, ya ɗauka addu'a ce, ya amsa da amin.

Duk ƙuruciyarsa a wani ofishin hidimar alhazai ya ƙare ta, yana buga hatimi. Hannunsa ya saba da dukan takarda, har bayan ya yi ritaya, in ya gama magana sai ya doki abin da ke kusa da shi, don maganar ta zauna. Jallabiyarsa kuwa ta sha guga har tana iya tsayawa ita kaɗai ta gaisa da baƙi. Tawali'unsa ya kai inda ba ya iya cewa "ni". Sai dai ya ce, "Talal bin Abubakar ya gani," ko "Talal bin Abubakar bai yarda ba," kamar mai ba da labarin wani babban mutum da ya yi sa'ar zama maƙwabcinsa.

Shi wannan lungu, Malam Ubaidullah Bakatsine ne ya kafa shi. Ya zo hajji a ƙasa, ya zauna, ya yi ta ɗinki har ya sayi fili, ya gina gidaje a jere, ya mai da su waƙafi ga zuriyarsa da maƙwabtansu. A tsakiya ya bar fili, abin da mutanen Makka ke kira barha, da darbejiya guda. Ya kafa sharaɗi biyu waɗanda ko yaro ya haddace. Na farko, kada abin hawa ya kwana a barha. Na biyu, duk abin da aka ajiye a cikinta don Allah ya zama na kowa, ba ya komawa gidan mai shi.

Mai kula da waƙafin na gaskiya, wato naziri, Kawu Rabi ne, ɗan autan Malam, tsohon da ya raba yininsa tsakanin sallah da gyangyaɗi a masallacin lungun. Abu Turki, don tsabar tausayi, ya ɗauke masa nauyin sharaɗi na farko ba tare da an roƙe shi ba.

Kai, an ga aiki! Hashimu mai tasi sai da ya koma ajiye motarsa can bakin babban titi, ya tako gida a ƙasa. Keken da ake tura tsofaffi da shi wurin ɗawafi ma bai tsira ba. Janar yakan tsaya a kansa, hannu a baya, ya yi tambayoyinsa guda biyu.

"Yana da taya?"

"Yana da, Abu Turki."

"Ana hawansa?"

"Ana hawa."

"Shi ke nan! Mamnu'i! An hana!" Sai ya doki bango.

An ce har keken wata jaririya ya taɓa korar, da jaririyar a ciki.

Sharaɗi na biyu bai taɓa neman mai gadi ba. Shi ne ya cika barhar da kayan sabil, wato sadaka mai gudana. Bencin da tsofaffi ke zama yana ɗauke da sunan wani marigayi. Tabarmin da ake shimfiɗawa ranar Juma'a na wata marigayiya ne. Haka al'adar lungun take tun zamanin Malam: ba a rubuta suna a barha sai na wanda ya riga mu gidan gaskiya. A ƙarƙashin darbejiya, inda inuwa ta fi kauri, akwai barrada, na'urar sanyaya ruwan sha, da ɗan ƙaramin allo a goshinta: "Sabil ga Lujain bint Hatim. Ku yi mata addu'a." Lujain ta rasu a shekararta ta farko a jami'a. Mahaifiyarta, Malama Zubaidatu, ba ta yawan maganar. Kowace safiya takan fito ta wanke kofuna, ta goge allon da gefen mayafinta, ta ɗanɗana ruwan ta ji ya yi sanyi, ta koma gida. Masu shara, masu kai saƙo a babur, ɗaliban da suka zo karatu daga Kano da Sakkwato, kowa ya sha sai ya ɗaga kai ya karanta sunan.

Ana nan, sai Usama, ƙanen matar Abu Turki, ya turo hotuna daga duwatsun Ɗa'if. Ga shi nan a miƙe a kan darduma, gahawa na tafasa a garwashi, hazo ya sauko, a bayansa kuma karafan, irin ɗakin nan mai tayoyi da masu hali ke ja da mota zuwa sahara su kwana a ciki. Ranar Abu Turki bai ci abincin rana ba.

"Usama!" in ji shi. "Usaman da ko hatimi bai taɓa riƙewa ba!"

Ba a yi nisa ba motar ɗaukar motoci ta shigo lungun da baya, ta sauke wani farin gida mai taga huɗu, da rumfa, da matakala, da zanen barewa a gefe. Dole a kan mota aka kawo shi, domin 'yar motar Janar ba ta da ƙugiyar ja, kuma ko da tana da ita, akuya mai taurin kai ta fi ƙarfinta. Aka nufi ƙofar gidansa da shi. Ƙofa ta dubi karafan, karafan ya dubi ƙofa, kowa ya gane ba su dace ba. Abu Turki ya waiga, ya ga barha a shimfiɗe, tas, babu ko keke, albarkacin jihadinsa na shekaru.

Mutane suka taru. Hashimu ya kewaya abin a hankali, ya shuri taya ɗaya.

"Abu Turki, yana da taya?"

"Yana da."

"Ana hawansa?"

Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Amma babban mutum ba ya rasa matakala. Ya hau ta karafan ɗin, ya gyara ƙyallen kansa.

"Ya jama'a, ku yi wa ilimi adalci. Malam, Allah ya jiƙansa, ya hana abin hawa kwana a barha. Madalla. Talal bin Abubakar ne ya fara tsare wannan magana, shi zai ƙare tsare ta. To amma wannan da kuke gani ba mazauni ba ne. Matafiyi ne. Yana kan hanyarsa ta zuwa sahara, ya tsaya ya sha iska. Tun yaushe Makka ta fara korar matafiyi?"

Ya doki ƙofar, hatimi ya zauna.

Matafiyin nan kuwa ya zo da lalura. Kujerunsa na fata ne, rana za ta fasa su, don haka sai an ba shi inuwa. Inuwa ɗaya ce a barha. Kuma dole mukayyif ɗinsa, na'urar sanyaya ɗaki, ya yi ta aiki. Soket ɗaya ne a bangon masallaci. Kafin la'asar an ja barradar Lujain zuwa jikin bangon da rana ke duka tun hantsi, wayarta a naɗe a kanta kamar wutsiyar kare mai laifi.

Washegari Malama Zubaidatu ta ɗanɗana ruwan. Ta ajiye kofin. Ta je ta tsaya a gindin matakala.

"Abu Turki, ruwan Lujain ya yi zafi."

"Ya Ummu Lujain, ahlan, ahlan! Ai alheri na yi wa al'umma. Likitocin duniya sun tabbatar ruwan sanyi ne ke kawo ciwon maƙogwaro. Sannan ke malama ce, kin fi kowa sani, lada ba ya cikin sanyi, yana cikin niyya. Kwana kaɗan ne, ƙugiya na zuwa za mu ɗaga."

Ta dube shi har sai da ya gyara hular da ba ta karkace ba. Ta ce, "To." Daga ranar ta riƙa fitowa da ƙanƙara a roba kafin azahar tana zubawa a barradar. Kafin la'asar ta narke. Masu babur suka fara wucewa ba su tsaya ba. Aka kai wa Kawu Rabi magana, ya ce za a duba, ya koma barci.

Ƙugiya kuwa ta yi ta zuwa. Zafi ya shigo ya tarar da ita tana zuwa.

A halin nan Abu Turki ya zama ɗan sahara na gasken gaske. Ya sayi safar hannu ta fata irin ta masu farauta da shaho, saura shahon. Ya sayi madubin hangen nesa, yana zama a ƙarƙashin rumfa yana hango kantin bakin lungu, inda a kullum yake gano cewa an kawo burodi. Da yamma yakan tara duk wanda ya kasa guduwa, ya ba shi gahawa rabin kofi, ya koya masa yadda ake gane gabas da taurari, alhali hasumiyar Harami na tsaye a gaban kowa.

"Sahara," in ji shi, "ba ta karɓar rago. Talal bin Abubakar ya san harshen yashi."

Matarsa Nuf ta leƙo ta taga. "Wane yashin? Wanda magina suka zube a ƙofar gida? Shi ma kewaye shi ka yi don takalminka."

Abu guda ne ya hana shi sakat. Ya lura masu wucewa, ko da ba su sha ruwa ba, sukan dubi ɗan allon Lujain. Shi kuwa wannan farin gida nasa, ba wanda ya san na wane ne. Rannan har wani baƙo ya tambaye shi, a gabansa, a ƙarƙashin rumfarsa, ko na Usama ne. A take ya ɗauko waya.

"Ka taɓa ganin sunan mai rai a barhar nan?" in ji Nuf.

"Shi ya sa za a fara da wanda ya cancanta."

Ya kira mai yin allo na unguwar Hindawiyya, tsohon da ya sassaƙa kowane suna da ke barhar.

"Lungun Malam Ubaidullah. Allo irin na barha, amma ya ninka su duka. Tagulla. Sunan shi ne Talal bin Abubakar."

"Allahu Akbar," in ji mai allo. "Mutumin kirki ne?"

"Mutumin kirki? Lungun nan ba zai sake ganin irinsa ba! Ya tsare amana, ya tsare sharaɗi, kowa ya amfana da shi, ba wanda ya gode masa."

"Haka duniya take. Sai ba ka nan ake sanin darajarka."

"Wallahi ka yi gaskiya, ya ammi! Ka kafa shi a jikin farin karafan, inda makaho ma zai gani."

Suka rabu kowa na ganin ɗan'uwansa mutum ne mai fahimta.

Kwatsam sai Usama ya gayyace shi kwanan daji a wani kwari bayan Ɗa'if, inda waya ba ta kamawa. Ba yadda za a yi ɗan sahara ya ƙi. Ya tafi a motar Usama, matafiyin ya zauna gadin gida. Mabuɗi ya bar wa Kawu Rabi, da umarnin a riƙa leƙa mukayyif. Nuf ta tafi wurin mahaifiyarta ta huta da harshen yashi.

Ranar Alhamis jama'a suka fito daga azahar, sai tagulla ta kashe musu ido. Allo ya kai faifan tuwon biki, harufa kamar yatsun ƙato: "Sabil ga Talal bin Abubakar. Ku yi masa addu'a."

Aka riƙo hannun Kawu Rabi aka kawo shi. Ya karanta sau ɗaya. Waɗanda ke wurin sun rantse a ranar suka fara ganin launin idonsa. Ya laluba aljihu, ya buɗe ƙofar, ya ce, "Bismillah, ya jama'a. Na kowa ne."

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Kafin la'asar masu shara uku na barci a kan kujerun fata. Ɗalibai sun shige da littattafansu suna muraja'a a cikin sanyi. Wata tsohuwa da ta zo umara daga Gusau ta ɗora tukunyar shayi a murhun ciki, tana kuka tana yi wa bawan Allah addu'a. Mutanen lungun kowa ya san Janar na nan da ransa, sun ga tafiyarsa da safar shaho. Amma hoton allon ya riga ya shiga wayoyi, kuma hoto ba ya tsayawa ya yi bayani. Daga Kano aka kira Nuf ana salati.

"Wa ya mutu?" in ji ta. "Shi? Ai ko mutuwa ta zo sai ya tambaye ta ko tana da taya."

Ta ƙaryata iyakar waɗanda ta samu. Sauran sun riga sun kamo hanya: tsofaffin maƙwabta na unguwar Tandabawi, abokan aiki, dangin dangi. Wanda ya zo ta'aziyya kuwa ba a mai da shi daga ƙofa ba gahawa. Aka fito da kujeru, aka jera su layi biyu, aka rataya fitilu a igiya kamar yadda ake yi. Duk wanda aka raɗa wa cewa mamacin na da rai, sai ya ƙara gyara zama. Wa zai tafi ya bar irin wannan?

Bayan magariba ta Asabar Usama ya sauke shi a bakin lungu. Sauro ya yi masa rubutu a goshi, bayansa ya sage don a cikin mota ya kwana, ƙofofi a kulle, saboda wani abu da ya yi kuka wanda daga baya aka gano jaki ne. Ya ɗago kai ya ga fitilu. Ya ga kujeru. Ya ji ana ambaton sunansa. Zuciyarsa ta ce masa, yau ce ranar. Sun gane. Umda!

Ya raɓe a bayan darbejiya don ya ɗan ɗanɗana kafin ya bayyana. Wani tsohon abokin aikinsa da ya iso yanzu, ba a kai ga raɗa masa ba, shi ke magana.

"Tebur ɗaya muka zauna da shi har muka yi furfura. Wallahi ko ƙwayar dabino bai taɓa miƙo mini ba. Na yi ta zaginsa a zuciya. Ashe bawan Allah tara alherin yake wuri guda, ya sauke shi gaba ɗaya! Ku dubi abin da ya bar wa talakawa!"

Abu Turki bai ji farkon ba, ƙarshen ya ji. Idonsa ya ciko. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa yabonsa a bayan idonsa ba. Ya kakkaɓe jallabiya, ya ɗaga hannu mai safa, ya fito cikin haske.

"Ya jama'a, Talal bin Abubakar ya amsa kiranku!"

Abokin aikin ya saki kofi. Tsohuwar Gusau ta yi ta cikin karafan ta rufe ƙofa tana Ayatul Kursiyyu. Layin baya ya watse, layin gaba ya kwanta a kan juna don dariya. Hashimu ya riƙe ciki yana cewa, "Sannu da dawowa, marigayi! Yaya can ɗin? Akwai wurin ajiye mota?"

Sai a sannan ya juya ya karanta allonsa. Ya karanta shi kamar mai neman inda zai buga hatimin ƙin yarda, bai samu ba.

Kawu Rabi ya ɗaga sanda.

"Ɗana, alhamdu lillahi da ka dawo. Tambaya ɗaya ce, ka amsa a gaban baƙinka. Abin nan naka ne ko na Allah? In naka ne, yana da taya, ana hawansa, ya kwana a barhar ubana. Yanzu za mu tura shi bakin titi, ka san abin da za ka faɗa wa baladiyya, hukumar gari, allon kuma mu ce ƙarya aka rubuta. In na Allah ne, to ka ji abin da mutane suka ce a kanka."

Gaba kura, baya sayaki. Abu Turki ya dubi kujerun fatarsa ta taga, wani ɗalibi ya ɗora ƙafa a kai. Ya dubi jama'ar da ta cika barha. Yabon nan na ɗazu bai gama narkewa a bakinsa ba. Ya hau matakala.

"Ya jama'a! Ashe har akwai mai shakka? Talal bin Abubakar tun ranar farko da wannan niyya ya saye shi! Ya ɓoye ne don gudun riya!"

Ya ɗaga hannu zai doki ƙofa, aka yi kabbara, Kawu Rabi ya jefa mabuɗin a aljihu.

A nan take naziri ya yanke cewa kujerun makoki da butocin gahawa sun daɗe ba su da ɗaki. Kujerar roba kuwa ba ta jin zafi, ba ta neman inuwa, ba ta buƙatar mukayyif. Maza suka sa kafaɗa, har da mai sadakar, aka tura matafiyin daga gindin darbejiya zuwa bangon rana. Ita ce tafiya mafi nisa da ya yi a rayuwarsa. Aka dawo da barrada mazauninta. Malama Zubaidatu ce ta warware wayar da hannunta, ta sa a soket, ta tsaya har ta ji injin ya ɗauka.

Sati na zagayowa ƙugiyar ta iso.

Yanzu kusan kowace safiya za ka ga Marigayi, don sunan ya bi shi har masallaci, yana tsaye kusa da allonsa ko wani zai tambayi wane ne mai wannan alheri. Ba mai tambaya. Sukan sha ruwa, su yi wa Lujain addu'a, su hango tagulla, su ƙara da "shi ma Allah ya jiƙansa," su wuce ta gabansa.

Rannan ya tarar da Malama Zubaidatu tana goge ɗan allonta. Ta cika kofi ta miƙa masa. Ya sha, sanyin ya hau masa har goshi.

"Ummu Lujain," ya ce da ƙaramar murya, "ke da Kawu ke jin maganarki. A ce a kankare layin ƙasan nan mana. Sunan ya isa. Mutum na tsaye da ransa ana yi masa addu'ar matattu."

Ta karɓi kofin, ta ɗauraye, ta kife shi a mazauninsa. Ta dubi tagullar, ta dube shi.

"Bar shi, Abu Turki. Tagulla ba ta ruɓewa. Za ta jira ka."